Daga Kufena zuwa Dutsen Bima: yadda ake gano ire-iren itatuwan konifa na dā daga burbushinsu

Wanda ya fita neman burbushin itace a Zariya, ko kwana ya yi yana fasa dutse a Kufena, hannu rabbana zai koma gida. Dutsen da garin ke zaune a kai giranit ne da danginsa, wanda ya daskare a ƙarƙashin ƙasa sama da shekara miliyan 500 da suka wuce, tun ba a samu itace ko ɗaya a doron ƙasa ba. Marmarar da ta lulluɓe shi ma ba ta adana ganye. Abin da Zariya ke da shi shi ne wurin zama a yi nazari: sashen ilimin duwatsu da na tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello, da maikuroskof, da ma'ajiyar busassun tsirrai. Samfurin kuwa sai an ɗaura niyyar tafiya.

Konifa su ne itatuwan da ba sa fure. Irinsu a fili yake zaune a kan ɓawo-ɓawon wata totuwa mai kama da ƙaramar busasshiyar abarba. A yau nau'insu ya ɗan haura 600 a duniya. Mai son ganin rayayye kafin ya fara duba matacce sai ya je dajin Afaka kusa da Kaduna ko ya hau Jos, inda aka dasa itacen fayin, Pinus caribaea. Na gado a ƙasar nan shi ne Podocarpus, can a tsaunukan kan iyakar Najeriya da Kamaru. A kula da Casuarina, itacen nan mai siraran rassa da ke fito idan iska ta kaɗa. Mutane na ɗaukarsa ɗan gidan fayin, alhali mai fure ne, kuma icensa zai rikitar da ɗalibin da ya yi kwatance da shi. Konifa sun bayyana sama da shekara miliyan 300 da suka wuce, da irinsu Walchia, suka yi zamaninsu a Jurasik da Kiretashiyos, wato tsakanin kimanin shekara miliyan 200 zuwa 66 da suka wuce. Akwai gida guda a cikinsu, Cheirolepidiaceae, da ya cika ƙasashe masu zafi a lokacin, ya kuma ƙare ƙurmus. Mai aiki a arewacin Najeriya zai yi ta cin karo da shi.

Wahalar aikin daga wuri ɗaya take fitowa: itace ba ya mutuwa a dunƙule. Gungume ya bi ambaliya, ganye ya nutse a tafki, bununi ya bi iska. Masana kuma kowane sashe suna ba shi sunansa daban, saboda ba kasafai ake samunsu manne da juna ba. Itace ɗaya zai iya fitowa da suna huɗu a rubuce, suna ɗaya kuma zai iya ɓoye itatuwa goma. Duk matakan da ke tafe dabaru ne na kauce wa waɗannan kurakurai biyu.

Inda za a nufa

Wurare biyu ne suka fi dacewa. Na farko shi ne kwarin Sakkwato, inda shimfiɗun dutse na Gundumi da Illo suke, na ƙarshen Jurasik zuwa farkon Kiretashiyos, waɗanda aka san su da icen da ya zama dutse. Gundumi na fitowa a gefen gabas na kwarin, wajajen Talata Mafara zuwa ƙasar Isa, Illo kuwa a jihar Kebbi kusa da kogin Kwara. Na biyu shi ne dutsen yashi na Bima a jihar Gombe, kusa da Dadin Kowa, mai shekara tsakanin miliyan 120 zuwa 100. A jihar kuma akwai shimfiɗar Gombe da gawayin ƙasa na Maiganga, na ƙarshen Kiretashiyos, masu kyau ga bununi, sai dai a lokacinsu masu fure, musamman dangin giginya da kwakwa, sun riga sun karɓe fili. Kafin a tashi a nemi taswirar duwatsun yankin, hukumar binciken duwatsu ta ƙasa tana da ɗakunan gwaji a Kaduna. A tambayi halin tsaron hanya daga mutanen wurin, a tafi da takardar sashe, a fara sauka wurin dagaci ko mai unguwa.

Lokacin fita daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ruwan damina ya wanke kwazazzabai ya tone sabon gefe, ciyawa ta bushe, zafin bazara bai sauka ba.

Launin dutse ne jagora. Ja, rawaya da shunayya alama ce iska ta riga ta cinye duk wani abu mai rai a ciki: za a iya samun icen da ya zama dutse ko hoton ganye, amma babu fatar ganye, babu bununi. Su sai a laka mai ruwan toka ko baƙa, mai tashi falle-falle. A irin ƙasarmu ruɓewar dutse na shiga da zurfi, don haka a tona aƙalla santimita 30 zuwa 50 cikin gefen kwazazzabo, idan har yanzu launin bai sauya ba a ƙara. Tulin ƙasar da masu haƙa rijiya suka fitar ya fi gefen hanya daraja nesa ba kusa ba, muddin mai haƙar zai iya nuna daga gaba nawa kowace laka ta fito. Ɓarɓashin rijiyar burtsatse kuwa a yi hattara da shi, na sama na zubowa ya gauraya da na ƙasa.

Tattarawa

Kayan aiki: guduma, cizal, diga, tabaron hannu mai ƙara girma sau 10, tef ɗin awo, ledoji masu zif, tsofaffin jaridu, littafi da fensir, da waya mai nuna wuri. Kafin a ɗauki komai a zana tsayuwar dutsen daga ƙasa zuwa sama, a auna kaurin kowace shimfiɗa, a ba ta lamba. Kowane samfuri ya ɗauki lambar shimfiɗarsa, a rubuce a jikin leda da kuma a ƙaramar takarda a ciki. Samfurin da ba a san shimfiɗarsa ba abin ado ne kawai.

Ga ice, guntu mai girman dunƙulen hannu ya wadatar, a zaɓi baƙi ko ruwan ƙasa mai duhu, domin farin sau da yawa siffarsa ta ciki ta goge. A duba bakinsa da tabarau a nan take. Idan aka ga huji-huji kamar na soso a warwatse, manyan bututun ruwa ne, wato ice mai fure ne. Konifa ba shi da su, bakinsa sumul yake, ƙwayoyinsa a jere kamar saƙar tabarma. A rubuta ko gungumen a cikin shimfiɗarsa yake ko ruwa ne ya mirgino shi. Idan guntaye ashirin suka yi layi a gangare, gungume ɗaya ne ya farfashe: a ɗauki biyu, a rubuta ɗaya. Wannan ɗan rubutun shi zai hana ƙirga ta kumbura daga baya.

Ga ganye, a tsaga dutsen ta kwanciyarsa, a ajiye fuskokin biyu tare. Kada a shafa masa banish ko gam don ya yi kyau a hoto, yin haka na rufe fatar da ake nema. Idan dutsen na marmashewa a shafa Paraloid B-72, sinadarin ƙarfafa samfuri, kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a asiton, ta baya da gefuna kawai. A naɗe da jarida a bar shi ya bushe a inuwa. Iskar hunturu na busar da laka farat ɗaya, baƙar fatar ta nannaɗe ta tashi. Ga bununi kuwa giram 50 zuwa 100 daga kowace shimfiɗar laka, a goge guduma tsakanin samfuri da samfuri, a rufe leda nan da nan.

Icen da ya zama dutse

Ba a sanya wa ice suna da yanka ɗaya. Sai uku, kuma duk daga guntu guda. Akwai yankan rake, wato a gicciye. Akwai yankan faskare, a tsaye daga ɓawo zuwa zuciyar itace. Akwai yankan fera, a tsaye daura da ɓawo. Yankan faskare ne ke ɗauke da yawancin hujja, shi ne kuma ya fi saurin ɓaci. A jikin ice akwai siraran jijiyoyi na kwance da ke tasowa daga zuciya zuwa ɓawo, kamar abawa a cikin saƙa, dole yankan ya bi su daidai. Ya karkace kaɗan, sai a ga guntu-guntu marasa amfani. Dabarar ita ce a fara goge bakin rake a jiƙa shi, a ga inda jijiyoyin suka nufa, a ja layi da fensir. Sau da yawa ma tsagawa da cizal ta fi zarto, domin ice, ko ya zama dutse, ta nan yake son tsagewa.

A yanke ƙwanƙwance kamar santimita 2 da 3 da zarto mai bakin daimon, ana zuba ruwa. Injin yankan tayil na iya aikin idan ba na ɗakin gwaji. Mai rauni a shayar da shi gam ɗin efoksi marar kauri ya kwana. A goge fuska ɗaya a kan faifan gilashi da garin kaborandam da ruwa, daga lamba 220 zuwa 400 zuwa 600, ana juya hannu kamar rubuta 8 don kada tsakiyar gilashin ta lotsa. Kowace lamba da faifanta, a wanke samfuri da hannu sarai kafin a sauya. Ƙwayar 220 guda ɗaya a kan faifan 600 za ta yi zane a fuskar gaba ɗaya. A dusashe fuskar silaid, wato gilashin da ake ɗorawa a maikuroskof, da 600, a busar da duka biyun a kan murhun lantarki mai ɗumi-ɗumi, a manna, a danna daga tsakiya don iska ta fita. Danshi ne ke kawo kumfa, kumfa kuma nan samfuri ke fara ɓallewa. A bar gam ya kama awa 24. A zamanin da, da ƙaron Kanada ake mannawa, wanda shi kansa daga wani konifa ake tatsarsa, Abies balsamea, kuma har yau ana rufe silaid da shi.

Daga nan a yanke ragowar a bar kamar milimita 1, a ci gaba da gugawa. Masu nazarin dutse na tsayawa a mikron 30, mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Mai nazarin ice ba lamba yake bi ba. Da haske ya fara ratsawa a koma 600, a riƙa dubawa a maikuroskof bayan kowane minti ɗaya ko biyu, a tsaya da zarar idanun bango sun fito, wanda sau da yawa kan faru tun samfurin bai kai 30 ba. Nan ne sauri ke haifar nawa: guga goma na ƙari sun isa su share aikin kwana uku. Idan ana son dubawa cikin hanzari kafin a yanka, a shafa man farce marar launi a sabuwar tsagar faskare, ya bushe, a ɗaye shi a ɗora a silaid. Yakan kwafo idanun tsaf.

Abin da ake dubawa kuwa ga shi. Jikin icen konifa siraran bututu ne rufaffu da ake kira tirakid, ruwa na ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya ta ƙananan idanu a bango. A yankan faskare a duba zaman idanun. Idan sun matsu da juna, sun baje, masu layi biyu ko uku sun sarƙe kamar saƙar zuma, salon konifan da ake kira Araucaria ke nan. Idan zagayayyu ne da tazara kamar maɓallan riga, masu layi biyu suna fuskantar juna, salon fayin ke nan. A mabuɗin tantance ice da Marc Philippe da Marion Bamford suka fitar a 2008, sai sama da kashi 90 cikin 100 na idanun sun bi salo ɗaya ake ba ice wannan salon, in ba haka ba gauraye ne. Ma'ana sai an ƙirga, ba kallo ɗaya ba. Sannan a koma inda jijiyar kwance ta gitta tirakid, wurin na fitowa kamar ƙaramar taga. Idanun cikin tagar nan su ne hatimi: ƙanana da yawa a cushe, ko ɗaya zuwa biyu masu siririn baki kusan a tsaye, ko babba guda da ya cika tagar. Saƙar zuma a bango da cushe a taga, Agathoxylon. Gauraye a bango da cushe a taga, Brachyoxylon. Maɓallai a bango da ɗaya ko biyu masu baki a tsaye, Podocarpoxylon. A yankan fera a ƙirga tsayin jijiyoyin kwance da adadin ƙwayoyi, a yankan rake a duba zoben girma da hanyoyin ƙaro. Kowane awo a yi aƙalla 25, a rubuta mafi ƙanƙanta, matsakaici da mafi girma. Jerin siffofin icen konifa da ƙungiyar masu nazarin ƙirar ice ta duniya, IAWA, ta fitar a 2004 shi ne harshen da kowa ke ji, a siffanta da shi.

Wanda ya kamata mai aiki a nan ya sani sosai shi ne Metapodocarpoxylon libanoticum, ice da aka samu daga Lebanon, ta Sahara, har Peru, tsofaffin rahotanni kuma na kiransa Mesembrioxylon libanoticum. Haka Dadoxylon da Araucarioxylon na tsofaffin littattafai yawanci Agathoxylon ake ce musu yanzu. Wanda ya kwafi sunayen da da na yanzu ya jera su tare ya ninka ƙirgarsa a banza.

Tarkuna uku ne suka fi kama mutane. Icen da ƙasa ta danne, idanunsa kan matsu har su yi kama da saƙar zuma. Tsage-tsage na karkace a bango, daga ruɓewa ko daga reshen da ya girma a karkace, kan yi kama da zaren murɗe na gidan Taxaceae. A juya makunnin maikuroskof a hankali: zare tudu ne, tsaga rami ce. Na uku, kama da wane ba ta wane: salon Araucaria a ice ba ya tabbatar da gidan Araucariaceae, domin Cordaites da Glossopteris, waɗanda ba konifa ba ne, irin wannan icen gare su. Saiwa, reshe da gangar itace ɗaya ma sukan bambanta a faɗin tirakid, don haka bambancin girma kaɗai ba ya haifar da sabon nau'i.

Fatar ganye

Rassan konifa na wancan zamani yawanci ƙananan ganye ne masu manne da reshe kamar ɓawon kifi. Idan ganyen gajere ne, tsayinsa bai wuce faɗin gindinsa ba, ana cewa Brachyphyllum, idan ya fi tsawo Pagiophyllum. Sunayen siffa ne kurum, gidaje daban-daban na fakewa a cikinsu. Mai raba gardama ita ce siririyar fatar kakin da ke rufe ganye, wadda ke riƙe da hoton ƙwayoyin da ke ƙarƙashinta da ƙofofin numfashi.

A ɗago ɗan baƙin ɓawon da allura, milimita 2 zuwa 5 sun isa. A jiƙa shi a asid HCl na kashi 10 cikin 100 har kumfa ta tsaya, a ɗauraye. Idan laka ta manne sai an sa HF, wato asid haidirofulorik. Sannan ruwan Schulze, wato asid naitirik da ɗan gishirin fotasiyam kuloret, har baƙin ya koma ruwan ƙasa mai haske. Wani samfurin minti 20 ya ishe shi, wani sai ya kwana, don haka a raba samfuri uku a gwada lokuta daban. A ɗauraye, a ɗiga KOH, wato fotasiyam haidiroksaid, na kashi 5 cikin 100: za a ga ruwa kamar shayi na fita, fatar ta yi garau cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. A ɗauraye nan take sau uku. Wanda ya daɗe a Schulze, da ya taɓa KOH zai narke a kan idonka, kuma ba gyara. Samfurin da bai yi baƙi sosai ba, bilicin wanki da aka sirka ya fi sauƙi da aminci, amma kada ya haɗu da asid, iskar kulorin ke tashi. A buɗe fatar sama da ta ƙasa da allurai biyu a cikin ɗigon ruwa, a rina da safranin idan ta yi fari da yawa, a rufe da jelin gilisarin.

A duba ko ƙofofin numfashi a layi suke ko a warwatse, ina bakinsu ya fuskanta, ƙwayoyi nawa suka kewaye kowace, kuma ko suna da 'yan tsinin da ke rufe bakin. Frenelopsis da Pseudofrenelopsis, 'yan gidan Cheirolepidiaceae, rassansu gaɓa-gaɓa ne, fatarsu kauri gare ta ƙwarai, ƙofofin a layi, a nutse. Frenelopsis yawanci ganye uku ne a kowace gaɓa, Pseudofrenelopsis ɗaya.

Magana ɗaya kan HF: ba a taɓa shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki, da robobi ba kwalabe ba don yana cin gilashi, da safar hannu mai kauri, da man kalsiyam gulukonet a kusa, da mutum na biyu a ɗakin. Ƙunarsa ba ta zafi da farko, sai ta ratsa zuwa ƙashi. Ranar da ba a da tabbacin wuta ko janareta, fankar akwatin za ta iya tsayawa ana tsakiyar aiki, don haka a ɗage.

Bununi

A wanke dunƙulen, a kankare bayansa, a daka giram 10 zuwa 20 zuwa girman ƙwayar dawa, kada a mai da shi gari. HCl tukuna, a ɗauraye har asid ya fita gaba ɗaya, sannan HF na kashi 40 cikin 100 kwana ɗaya ko biyu. Idan aka tsallake ɗaurayar, sauran kalsiyam zai haɗu da HF ya yi farin ƙullu da ke lulluɓe komai. A raba mai rai da ma'adini da ruwan zink kuloraid mai nauyin 2.0, bununi na tasowa sama. A tace da rariya mai ido mikron 10. Inda babu halin HF, laka mai taushi na warwatsewa a ruwan ɗumi da sodiyam heksametafosfet, a tace, kuma sau da yawa sakamakon na gamsarwa. A rufe tagogi, ƙurar hunturu na ɗauke da bununin bana. Kowane zagaye a haɗa da kwalba guda ta ruwa zalla ta bi duk matakan: abin da aka gani a cikinta baƙo ne.

A ƙirga ƙwaya 200 zuwa 300 a kowane samfuri, layi bayan layi, ba tsallake ƙananan da ba su da kyau. Classopollis, bununin Cheirolepidiaceae, ɗan dunƙule ne na mikron 20 zuwa 40, da ɗamara mai zane-zane a ƙugu da siririn kwari a samanta, sau da yawa huɗu-huɗu a manne. Araucariacites babba ne, ba ƙofa, a lanƙwashe kamar leda. Masu jakar iska biyu irin Podocarpidites ba su da yawa a tsakiyar Kiretashiyos na yankinmu. Abin da ya fi yawa tare da Classopollis shi ne Ephedripites da Afropollis da masu ƙahonni irin Elaterosporites, waɗanda ba konifa ba ne. Idan silaid na wannan zamani ya cika da masu jakar iska farare tas, a fara zargin gurɓata kafin a yi murna.

Ƙirgar kanta

Ka'ida ta farko: ba a tara sassa. A ce shimfiɗa ɗaya ta ba da ice iri 3, ganye iri 5, bununi iri 4. Amsar ba 12 ba ce. Mafi ƙarancin nau'in konifa a wurin 5 ne. Sai idan an samu gidan da ya fito a bununi ko ice amma babu shi a ganye, sannan a ƙara ɗaya. Hanya mafi tsafta ita ce a yi lissafin gida-gida, a ɗauki mafi yawa a kowane gida, a tara. Kuma sassan ba ƙarfinsu ɗaya ba. Fatar ganye na rarrabewa har nau'i, ice yawanci iyakarsa jinsi, bununi kan tsaya a gida. Classopollis iri ɗaya na iya fitowa daga itatuwa da dama, don haka silaid da kashi 70 cikin 100 nasa Classopollis ne ba ya nufin daji mai itace iri guda. A ɗaya gefen, Araucaria heterophylla da ake dasawa don ado ganyen yarintarsa daban, na girmansa daban, wanda ya tsince su a dutse zai rantse itatuwa biyu ne. Idan siffar ganye ta bambanta amma fata ɗaya ce, a bi fata.

Haɗa sassa su zama itace ɗaya na buƙatar hujja, kuma hujjojin hawa-hawa ne. Mafi ƙarfi a same su manne. Sai bununin da aka ciro daga cikin totuwar namiji kanta. Sai fata iri ɗaya a reshe da ɓawon totuwa. Mafi rauni shi ne yawan samunsu tare a shimfiɗa guda. Da irin waɗannan ne Kenneth Alvin da abokan aikinsa suka sake gina Pseudofrenelopsis parceramosa daga tsibirin Wight a Ingila, reshe da ice da totuwa da bununi. Da nazarin totuwa da fata kuma Rudolf Florin na Suwidin ya nuna, a aikinsa na 1938 zuwa 1945, cewa kowane ɓawon totuwar mace asalinsa ɗan reshe ne da ya tsuke.

Ka'ida ta biyu: ba a kwatanta samfura masu girma daban kai tsaye. Wanda ya ƙirga ƙwaya 300 zai fi mai 80 samun iri ko da dajin ɗaya ne. A rage babban zuwa girman ƙaramin da lissafi. Manhajar PAST, wadda kyauta ce, na zana layin da ke nuna yadda iri ke ƙaruwa da ƙaruwar samfuri. Layi ya kwanta, an kusa ƙure wurin. Yana nan yana hawa, da sauran aiki. Don kintacen abin da ya ɓuya akwai lissafin Chao1: adadin irin da aka gani, a ƙara masa adadin waɗanda suka fito sau ɗaya an ninka shi da kansa, an raba da ninki biyu na waɗanda suka fito sau biyu. Misali gungume 120, iri 7, uku sun fito sau ɗaya, biyu sau biyu: 7 da 9 bisa 4, wato 9.25. Akwai alamar iri biyu ko fiye da ba a kama ba. Lissafin ya dogara ne kan cewa kowane gungume itace ne daban, shi ya sa rubutun nan na gangare ke da muhimmanci.

Ka'ida ta uku: a kwatanta yashin kogi da yashin kogi, lakar tafki da lakar tafki. Gungume na iya tafiyar kilomita masu yawa daga tudu, ganye mai ƙaramar totuwa a manne bai yi nisa ba, bununi mai jakar iska kuwa ya fi kowa yawo, har yakan yi yawa a lakar teku nesa da gaɓa. Bambancin Gundumi da Bima na iya zama na zamani, na iya zama na yanayi, na iya kuma zama na irin ruwan da ya kwaso kayan. Icen da ya zama dutse ma yakan fita daga tsohuwar shimfiɗa ya sake binnuwa a sabuwa. Alamarsa gefuna masu santsi kamar tsakuwar rafi.

Wajen kwatance kada a tsaya ga rubutun Ingilishi kan Turai. Kafin tekun Atilantika ta buɗe, kwarin Binuwai, inda Bima yake, da arewa maso gabashin Burazil maƙwabta ne, don haka konifan shimfiɗar Crato ta Burazil, irin Brachyphyllum obesum, sun fi kusa da namu. Aikin da aka yi kan icen Nijar, Chadi da Kamaru kuwa yawancinsa da Faransanci yake, ciki har da jerin nazarin Édouard Boureau kan icen Sahara.

Idan samfuri bai nuna tagar mahaɗa ba, a rubuta icen konifa da ba a tantance ba, kada a sa shi cikin ƙirgar iri. Idan ya yi kusa da sanannen nau'i amma siffa ɗaya ta ɓace, a sa cf., ma'ana a kwatanta, kafin sunan. Sabon suna na buƙatar bayani da Ingilishi ko Latin, da hoto, da samfurin asali guda da aka ayyana, da sunan ma'ajiyar da yake. A kankara lamba a jikin gilashin da alƙalamin daimon, domin takardar manne na ɗayewa da zafin Afrilu. Silaid na jelin gilisarin a zagaye bakinsa da man farce, a ajiye shi a kwance a ɗaki mafi sanyi, kuma a ɗauki hotunansa a makon da aka haɗa shi. Ragowar guntun da aka yanka ya zauna a akwati ɗaya da silaid ɗinsa uku da kwafin shafin littafin fili.